Ma'anar ɗorewa a aikin gwamnati: ofishin da gundumar Los Angeles ta kafa

Mai sauraron labarai ya saba jin ana cewa "ci gaba mai ɗorewa", musamman tun 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 a kan haka. Ma'anar da aka fi dogaro da ita ta fito ne daga rahoton 1987 na kwamitin Brundtland, wanda Majalisar ta kafa kan muhalli da ci gaba: mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun tauye wa na baya damar biyan nasu ba. Ruwa ne, ƙasar noma ce, iska ce, makamashi ne, a ci a rage wa 'ya'ya da jikoki.

Faɗar hakan ba wuya. Wuyar ita ce wa zai ɗauki nauyin aikin, domin ruwa na hannun wani sashe, shara na hannun wani, hanyoyi da gidaje kuma na wasu daban, kowa yana harkar gabansa. Wannan giɓin ne ya sa wasu gundumomi a Amurka suka buɗe ofishin ɗorewa, mai haɗa kan sassan a kan manufa ɗaya yana kuma bibiyar ko an cika alkawari.

Gundumar Los Angeles a jihar Kalifoniya tana da mutum kusan miliyan 10 da birane 88. Majalisarta mai wakilai biyar ta kafa irin wannan ofishi a 2016, aka naɗa Gary Gero shugabansa na farko. A watan Agusta 2019 majalisar ta amince da shirin da ofishin ya tsara, mai suna OurCounty, wanda ya ƙunshi manyan burika 12 da matakai 159. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne sanya adadi da wa'adi. Misali, yankin ya daɗe yana janyo ruwa daga nesa, daga kogin Colorado da arewacin Kalifoniya, sai shirin ya ce zuwa 2045 kashi 80 cikin 100 na ruwan ya zama na gida ne. Da irin wannan alkawari talaka zai iya tsare shugaba ya tambaye shi ina aka kwana.

Kuɗin wani ɓangare na aikin ruwan daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma da yardarsu. A zaɓen 2018 suka amince da harajin senti biyu da rabi a kan kowace ƙafa murabba'i ta filin da aka rufe da siminti, kwalta ko rufin gini, don a tare ruwan sama a tace shi maimakon ya kwarara teku. A 2019 kuma hukumar Clean Power Alliance, wadda ofishin ya taimaka aka kafa, ta fara sayo wa mazauna lantarki daga rana da iska.

Sai dai ɗorewa ba ta tsaya a kan bishiyoyi da hasken rana ba, tana tambayar wa yake shaƙar hayaƙin. A Los Angeles akwai rijiyoyin mai a tsakiyar unguwanni, kusa da gidaje da makarantu, da yawansu a inda baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suke zaune. Shekara da shekaru mazauna suna kukan ciwon kai, haɓo da asma. A watan Satumba 2021 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar hana haƙa sababbin rijiyoyi da kuma rufe tsofaffin sannu a hankali a yankunan da ke ƙarƙashin gundumar kai tsaye, inda mutum kusan miliyan ɗaya ke zaune. Ikonta bai shiga cikin biranen 88 ba, don haka kowane birni sai ya yi tasa dokar.