Zaɓen Mazaunin Masana'anta da Sito

Zaɓen mazauni fanni ne na lissafi da tattalin arziki da ke binciken inda ya fi dacewa a kafa masana'anta ko sito, da hanyar da kaya za su bi har su isa hannun mai saye.

Bajamushe Alfred Weber ne ya aza harsashinsa a 1909. A ganinsa, masana'anta tana bin inda kuɗin dako ya fi sauƙi. In ɗanyen kaya yana rage nauyi wajen sarrafawa, sai a kafa ta kusa da inda ake haƙo shi; shi ya sa kamfanonin siminti na Obajana a Kogi da Ashaka a Gombe suke zaune a bakin dutsen da suke niƙawa. Lemon kwalba kuwa, da galibinsa ruwa ne, kusa da kasuwa ake yin sa.

Kafin zuwan kwamfuta akwai wata dabara mai ban sha'awa. A shimfiɗa taswira a kan teburi, a huda rami a kan kowane gari da kaya ke fitowa ko zuwa, a zura zare, a rataya masa nauyi daidai yawan kayan garin, sannan a ƙulle bakin zaren duka wuri ɗaya. Inda ƙullin ya tsaya, nan ne mazaunin.

Amma da zarar sito ya wuce ɗaya, lissafi ya dagule. Zaɓen wurare 5 cikin 50 kaɗai ana iya yin sa ta hanyoyi 2,118,760, ga kuɗin haya, ga haraji, ga jarin da ke kwance a kayan ajiya, kuma rufe sito ɗaya yakan sauya hanyar duk sauran. A 1974 wasu masana biyu, Geoffrion da Graves, suka warware irin wannan matsala ga kamfanin abinci na Hunt-Wesson a Amurka, ta hanyar gutsuttsura ta zuwa ƙananan lissafai.

Abin da ya fi wuyar sawa a lissafi shi ne tsautsayi. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta shanye masana'antun faifan ajiyar kwamfuta da aka tara wuri guda saboda rahusa, farashi ya tashi a duniya. A Maris 2021 jirgin ruwan dakon kaya mai suna Ever Given ya tokare mashigin Suwez na Masar kwana shida. Tun daga nan kamfanoni da yawa suka koma sayen kaya a hannun dillali fiye da ɗaya, suna kuma ajiye rara a sito, ko da hakan zai ƙara musu kuɗi.