Larurar Gudun Mutane: Ina Ta Bambanta da Kunya?

Wace irin larura ce wannan?

Larura ce ta ɗabi'a da ke sa mutum ya riƙa ganin bai kai kowa ba. Kullum yana cikin fargabar a kushe shi ko a yi masa dariya, har ya gwammace ya janye jikinsa. Masanin halayyar ɗan'adam Theodore Millon ne ya bayyana ta a 1969, ta kuma shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Bugun kundin na yanzu ya kawo alamomi bakwai, sai an samu aƙalla huɗu sun zauna wa mutum tun farkon girmansa kafin a ce yana da ita.

To, ba kunya ba ce kawai?

Nan ake ruɗewa, balle a wurinmu da kunya ado ce. Mai kunya yakan sunkuyar da kai gaban surukai, amma da ya fita sai ka ji shi a majalisa yana raha. Mai wannan larura kuwa sai ya ƙi ƙarin girma a wurin aiki don kada a sa shi magana a taro. A gayyace shi biki, ya shirya tsaf, ya fasa a bakin ƙofa. Ba ya sakin jiki da kowa sai ya tabbatar ana son sa. Abin tausayin shi ne yana marmarin mutane, tsoro ne ke tare shi, su kuma su ce girman kai ne.

Me ke jawo ta?

Gado da yanayin tasowa ne ke haɗuwa: yaro mai ɗari-ɗari tun asali, ya tashi cikin kyara da gori ko rashin kulawa.

Tana da magani?

Tana da shi, sai dai ba ƙwaya ba ce. Zama ake yi da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya, a bi tunanin nan na "kowa ya raina ni" a auna shi da zahiri, sannan a riƙa gwaji kaɗan-kaɗan: yau gaisawa da maƙwabci, gobe yin ciniki a kasuwa. Aikin kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Ana ba da ƙwayoyi ne idan ciwon damuwa ya haɗu da ita, abin da yakan faru. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri wurare ne da za a fara tuntuɓa.

Dangi fa?

Ku daina tsokanarsa a bainar jama'a, kada kuma ku tura shi cikin taro da ƙarfi. Ranar farko ku raka shi asibiti, domin har likitan ma yana ba shi tsoro.