Gahawa tana da amfani, sai dai mu lura da abin da muke zuba mata

Da wuya mako ya wuce ba a tambaye ni a asibiti ko gahawa, wato kofi, tana cutarwa ba. Yawanci direbobi ne, da masu gadi, da ɗalibai idan jarrabawa ta matso. Abin da nake gaya musu shi ne, ga baligi mai lafiya gahawa ba abar gudu ba ce, har ma tana da alheri.

Sinadarin kafeyin da ke cikinta, wanda shi ne dai a goron da iyayenmu ke ci, yana kore kasala ya kaifafa hankali. Amma abin da ya fi jan hankalina maganar hanta ce. Binciken da aka daɗe ana yi a kan ɗimbin mutane ya nuna masu shan gahawa a kai a kai ba su cika kamuwa da taurin hanta da kansar hanta ba, haka ma ciwon suga na manya. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa irin tamu, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Sai dai a ji ni da kyau: gahawa ba magani ba ce, mai ciwon hanta kada ya bar zuwa asibiti. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargin suna haddasa kansa, amma ta ja kunne kan shan duk abin da zafinsa ya haura digiri 65, saboda haɗarin kansar maƙogwaro. Don haka a bari ta ɗan huce.

Inda gizo ke saƙar shi ne teburin mai shayi. A zuba Nescafé ƙulli ɗaya, a bi shi da suga cokali huɗu da madarar gwangwani, to ina sauran kariya daga ciwon suga? Wasu matasan kuma har tramadol suke jefawa don su kwana suna aiki. Wannan yana tayar mini da hankali matuƙa, domin yana iya kai mutum ga farfaɗiya.

Ma'aunin baligi shi ne kada kafeyin ya wuce miligiram 400 a yini, kimanin cikin kofi uku zuwa huɗu na gahawa, kuma a lissafa har da goro, shayi da lemon ƙara kuzari. Mai juna biyu ta tsaya a ƙasa da miligiram 200. Kada a sha tare da abinci, musamman mata masu ƙarancin jini, don tana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa. Daga la'asar a haƙura da ita saboda barci.

Mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai gyambon ciki, da wanda zuciyarsa ke bugawa da sauri idan ya sha, su zo mu auna su tukuna kafin su mayar da ita ta kullum.