Waiwaye: Daga Samanja Zuwa Barkwancin Waya

Duk lokacin da wani tsohon ɗan wasa ya rasu sai tsohuwar gardama ta taso: wai barkwancin da can ya fi na yanzu. Haka aka yi a 2017 da Allah Ya yi wa Ƙasimu Yero rasuwa, haka aka sake yi a Nuwamba 2023 da Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya kwanta dama a Kaduna. Ni ma ina cikin masu kewar nan, amma kafin a yanke hukunci gara a bi sawun abin daga tushe.

Bahaushe bai jira talabijin ba kafin ya iya ba da dariya. Akwai 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai, su ɗauko muryar wa'azi su juye ta kan tuwo da fura da nama. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon tsoho da mai rowa da wanda aure ya gagara. Ga kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, wanda kowa ya san iyakarsa. A duka waɗannan, abin dariyar mutum ne da ka sani a unguwarku.

Rubutun boko ma da raha ya fara. Cikin littattafan da suka ci gasar rubutu ta 1933 akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma wanda ya karanta shi a firamare zai iya manta garuruwan da aka ratsa, amma ba zai manta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko ba. Abin takaici, marubutan da suka biyo baya ba su riƙe wannan hanya sosai ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, soyayya da rikicin kishiya suka cinye fagen, raha ta koma 'yar rakiya.

Rediyo da talabijin ne suka ɗauki nauyin. Kaduna ta ba mu Samanja, tsohon soja da ya san bariki ciki da bai. Hausarsa a cakuɗe take da turancin bariki, yana tsawa yana bada oda, a gida kuma lamarin ya sha bamban. A lokacin da soja ke mulki, ganin kaki kawai kan sa mutum ya sauya hanya, shi kuwa ya sa talaka ya zauna yana ƙyaƙyata dariya a kan mai kaki, su kansu sojojin suna taya shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙasimu Yero ya yi Karambana, Jos ta fito da Karkuzu, yankin Sakkwato ya ba da Golobo. A Kano, bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV, wadda yau ake kira ARTV, wasannin mako-mako suka ƙara yawa.

A tuna yadda ake kallon. Akwatin talabijin ɗaya ne a layi, mai gidan ya fito da shi tsakar gida ko ƙofar zaure bayan sallar isha'i, yara a kan tabarma, manya a kan benci, kowa na addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Tunda uba da 'ya'yansa tare suke kallo, dole ɗan wasa ya auna bakinsa. Tunda kuma tashar gwamnati ce ke biya, ba wanda ke matsa masa ya sayar da kaset gobe da safe, sai ya samu sararin gina labari a hankali.

Zuwan bidiyo ya sauya lissafi. Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 kasuwa ta zama alƙali, kuma babu wanda ya fahimci kasuwar nan kamar Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan da ya bar aikin gidan yari ya rungumi wasa. 'Yan boko sun raina finafinansa, suna ce musu camama: kuɗi kaɗan, kwanaki kaɗan, labari sama-sama. Gaskiyarsu ta wani ɓangare. Sau da yawa babu wani rubutaccen labari na kirki, a kafa kyamara kawai a bar shi da bakinsa. Amma wane baki! Ya zare ido, ya gyara jar hularsa, ya faɗi magana ɗaya, gobe ka ji ta a tasha da kasuwa. Duk abin da duniya ke ciki sai ya ɗauko ya kawo shi ƙauye, har Usama da Saddam ya ara. A ganina shi ne ɗan kama na zamanin kaset, kuma masu rainin nan da yawansu a ɓoye suke kallonsa.

Bai sha da daɗi ba. A 2008, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ke ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ya rasu a Disamba 2014, ya bar su Bosho da Daushe da Naburaska a fagen, daidai lokacin da satar fasaha ke durƙusar da kasuwar faifai.

A shekarar ce kuma aka buɗe tashar Arewa24, kuma ta nan wasan mako-mako ya dawo. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya nuna cewa har yanzu mutane na da haƙurin bin labari, in dai an ba su tsoho mai maƙo da 'ya'yan da suka zuba wa dukiyarsa ido. Kowa ya san irin gidan.

Sauran kuwa sun koma waya. A TikTok da Facebook da YouTube minti ɗaya gare ka, in ba ka kama mai kallo ba ya shafa sama ya wuce. Shi ya sa ihu ya yi yawa, da mari, da namiji ya ɗaura zani, da tsokanar mutanen da ba su san ana ɗaukarsu ba, wanda ni dai ban ga abin dariya a cikinsa ba. Amma masu cewa an gama lalacewa su yi adalci. Tsofaffin wasannin nan ƙalilan ne ake iya samu a kalla yau, don haka abin da muke gwada yaran yanzu da shi zaɓaɓɓen abin da ya maƙale a zuciya ne, makonnin da wasan ya yi lami duk mun manta da su. Cikin yaran akwai masu kunne, waɗanda in suka kwaikwayi mai adaidaita sahu yana gardamar canji, ko uwar miji a waya, sai ka rantse a gidanku aka ɗauka. Abin da suka rasa marubuci ne da zai zauna da su, da tashar da za ta ba su rabin sa'a duk mako.