Koyar da Turanci a Ƙasar Waje Ba Tare da Digiri Ba: Abin da Dokokin Biza, Izinin Aiki da Masauki Suka Tanada

Mutumin da ya ƙware a Turanci, yake kuma son ya koyar da shi a wata ƙasa alhali ba shi da digirin jami'a, yakan fara nema ne daga makarantu, yana aika takardunsa yana jiran amsa. A ganina kamata ya yi ya fara da karanta dokar shige da fice ta ƙasar da yake hari, domin a yawancin wuraren da ake ɗaukar malaman Turanci daga waje, gwamnati ce ta gindaya sharaɗin digiri. Idan sharaɗin na makaranta ne, ana iya shawo kan shugabanta da gogewa da iya koyarwa. Idan kuwa na doka ne, babu shugaban makarantar da ke da ikon ɗage shi, komai daɗin alƙawarin da ya yi, kuma duk aikin da aka yi a bayan idon wannan doka malamin ne zai fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Akwai takardu uku da mutane kan haɗa su wuri guda, alhali kowacce da hukumar da ke bayar da ita. Biza ita ce izinin shiga ƙasa don wata manufa da aka ambata, kuma ofishin jakadanci ne ke buga ta a fasfo. Izinin aiki shi ne ke halatta wa baƙo karɓar albashi, galibi daga ma'aikatar ƙwadago yake fitowa, kuma sau da yawa yana ɗauke da sunan wanda ya ɗauki mutum aiki da wurin da zai yi aikin. Ta uku ita ce lasisin koyarwa, wanda wasu ƙasashe ke buƙata kafin mutum ya tsaya gaban ɗalibai a makarantar boko. Sharaɗin digiri yana iya ɓoyewa a cikin kowacce daga cikin ukun, shi ya sa mutum zai ji an ce bizar wata ƙasa ba ta neman digiri, ya tafi da murnarsa, sai ya tarar da sharaɗin yana jiransa a mataki na gaba.

Koriya ta Kudu ba ta bar wata kafa ba. Bizar malaman harshe, wadda ake kira E-2, tana buƙatar digirin farko, kuma ga masu koyar da Turanci a cibiyoyin harshe an taƙaita ta ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ana kuma neman takardar shaidar cewa mutum bai taɓa aikata laifi ba, da gwajin lafiya bayan isowa. Wannan jeri yana nuna wani abu da masu tallan kwasa-kwasan koyarwa ba su cika son faɗa ba, wato a wasu ƙasashe fasfon da mutum ke riƙe da shi yana da nauyi daidai da digirin, ko ma fiye. Ana iya ganin rashin adalci a cikin hakan, ni ma ina gani, amma jami'in da ke duba takardu bin abin da aka rubuta masa yake yi.

Ƙasar Sin ma haka take, sai dai hukuncinta ya fi fitowa fili. Malamin harshe yana buƙatar bizar aiki mai harafin Z, da izinin aiki, sannan ya nemi takardar zama cikin kwana 30 da shigarsa. Ƙa'idar ita ce digirin farko da gogewar shekara biyu, ana kuma iya yafe gogewar ga mai takardar horon koyarwa da aka amince da ita, amma digirin yana nan daram. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba bisa ƙa'ida ba, kuma idan laifin ya yi tsanani ana iya tsare shi kwana 5 zuwa 15, ana kuma iya tasa ƙeyarsa gida a hana shi dawowa na wasu shekaru. Ƙari a kan haka, tun da gwamnati ta hana kasuwancin darussan bayan makaranta a manyan darussa a watan Yulin 2021, guraben da a da suke cike da baƙi sun ragu ƙwarai, har da koyar da yaran ƙasar ta intanet daga waje.

Tailan ita ce misalin sharaɗin da ke ɓoye a mataki na uku. Ana shiga da bizar aiki mai harafin B, a nemi izinin aiki, amma mai koyarwa a makarantar firamare ko sakandare sai ya samu lasisi ko sassaucin wucin gadi daga majalisar malamai ta ƙasar, kuma dukansu biyu suna neman digiri. Wasu makarantu kan kauce wa wannan ta hanyar rubuta wa mutum wani muƙami dabam a takarda, kamar mataimaki ko mai ba da shawara, alhali shi ke riƙe da aji daga safe zuwa tashi. Haɗarin a bayyane yake, domin izinin aiki yana halatta aikin da aka rubuta ne. Wanda aka kama yana aiki ba izini yana fuskantar tarar bat 5,000 zuwa 50,000, da kora, da haramcin neman izinin aiki na shekara biyu.

A Japan ne dokar ta buɗe wata 'yar ƙofa da ta cancanci a tsaya a kanta. Shirin gwamnati na JET, mai kawo baƙi su taimaka wajen koyar da harshe a makarantu, wanda ya fara a 1987, yana neman digiri, ko kuma shaidar kammala horon malanta na shekara uku ga mataimakan malaman harshe. Amma bizar da cibiyoyin koyon harshe masu zaman kansu ke amfani da ita, wato ta ƙwararru a fannin ilimin ɗan'adam da hulɗar ƙasa da ƙasa, ta yarda da gogewar shekara uku a koyar da harshe a madadin digiri. Gogewar nan ba a baki ake faɗarta ba. Sai an kawo wasiƙu daga wuraren da aka yi aiki, masu nuna ranar farawa da ranar bari da ainihin abin da aka koyar, kuma makarantar da ke son ɗaukar mutum ita ce za ta shigar da buƙatar takardar cancanta a hukumar shige da fice kafin ya je ofishin jakadanci. Makarantu da yawa ba sa son wannan ɗawainiya tun da masu digiri suna nan birjik, don haka ƙofar a buɗe take a doka amma ƙunci gare ta a aikace. Taiwan kuwa tana karɓar difloma ta shekara biyu haɗe da takardar horon koyarwa ga masu aiki a cibiyoyin darussa, muddin Turanci harshen hukuma ne a ƙasar da ta ba su fasfo.

Kambodiya ce aka fi ambata idan ana maganar marasa digiri, kuma da dalili. Ana shiga da biza ta gama-gari mai harafin E, wadda ta bambanta da ta yawon buɗe ido, a tsawaita ta har zuwa wata 12 a matsayin mai aiki, sannan a karɓi izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, wanda ake sabuntawa duk shekara. Makarantu masu biyan albashi mai tsoka suna neman digiri don raɗin kansu, ƙananan kuwa sukan wadatu da takardar horo. Sai dai dole a yi kaffa-kaffa da tallan aiki a yankin, domin a watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto kan dubban ɗaruruwan mutanen da aka yaudara da alƙawarin aiki aka tsare su a sansanonin damfara ta intanet a Kudu maso Gabashin Asiya, ciki har da Kambodiya da Myammar, kuma masu jin Turanci suna cikin waɗanda ake farauta.

A Turai hanyoyin kaikaice ne suka fi aiki. Jamus tana ba da izinin zama ga masu aikin kansu, malaman harshe suna cikinsu, bisa sharaɗin nuna wasiƙun waɗanda za su ba mutum aiki, da inshorar lafiya, da hujjar cewa abin da zai samu zai riƙe shi. 'Yan yawancin ƙasashe kuma daga gida za su nemi wannan biza kafin su taso. Bizar karatu ma tana ba da damar aiki na sa'o'i ƙayyadaddu, 28 a mako a Japan bayan an nemi izini na musamman, 30 a Sifaniya tun gyaran 2022, amma irin karatun da aka yi rajista a kansa shi ke nuna ko damar ta shafi mutum. Bizar hutu da aiki ta matasa kuwa yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ƙasarsa ba ta ciki ba shi da rabo.

Takardar horon koyarwa tana da amfani, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. CELTA ta Jami'ar Kambirij, mai kimanin sa'o'i 120 da sa'o'i shida na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai sa ido, ba ta neman digiri kafin a shiga, haka ma takwararta ta Kwalejin Trinity da ke Landan. Suna gamsar da makaranta cewa mutum ya iya aji, amma ba sa maye gurbin digiri a inda doka ta ambace shi.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne wasiƙar da ke cewa a zo da bizar yawon buɗe ido, za a gyara takardu daga baya. Yadda abin ke gudana sananne ne: malami ya iso, an karɓi fasfonsa da sunan ana kai shi hukuma, ya fara shiga aji a mako na farko, ana biyansa a hannu ba tare da takardar albashi ba, kuma ranar da jami'ai suka zo duba makarantar sai a ce ya fita ta ƙofar baya ko ya zauna cikin ɗalibai kamar baƙo. Idan aka hana shi albashin wata biyu ba shi da inda zai kai ƙara, tun da kai ƙarar tona wa kansa asiri ne. Digirin jabu ya fi wannan muni, domin ya fitar da maganar daga saɓa ƙa'idar biza zuwa laifin ƙirƙirar takardu, kuma da yawa daga cikin ƙasashen da ke neman digiri ba sa karɓarsa sai da hatimin tantancewa, ko dai na yarjejeniyar Heg ta 1961 kan amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a Sin a watan Nuwamban 2023, ko na ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci ga ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniyar.

Masauki ma maganar doka ce, domin ƙasashe da yawa suna son sanin inda baƙo yake kwana. A Sin sai an yi rajistar adireshi wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24, otal yana yi wa baƙinsa, amma wanda ya sauka a gidan haya shi zai je da kansa. A Tailan nauyin yana kan mai gida, wanda zai sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 ta takardar TM30, baƙon kuma ya riƙa kai rahoton adireshinsa duk kwana 90. A Japan kwana 14 ne, a ofishin ƙaramar hukuma. A Jamus mako biyu ne, kuma tun 2015 ba a karɓar rajistar sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai wane ya tare a gidansa. Saboda haka ɗaki mai araha da mai shi ya ce ba zai sa hannu a komai ba yana iya jawo tsaiko a izinin zama da buɗe asusun banki, kuma tambayar farko da ya kamata a yi wa mai gida ko dillali, tun kafin a yi ciniki, ita ce ko za a iya yin rajista da adireshin. A Japan akwai ƙarin nauyi: ban da kuɗin ajiya da ake mayarwa, yawancin masu gidaje suna neman wanda zai tsaya wa ɗan haya ko kamfanin lamuni, wasu kuma suna karɓar kuɗin godiya da ba a mayarwa.

Gidan da makaranta ta bayar, kamar yadda aka saba a Koriya ta Kudu da ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha, yana sauƙaƙa farkon zama, amma yana ɗaure aiki da biza da wurin kwana da igiya ɗaya, ranar da ta tsinke duka ukun ke zubewa. Shi ya sa ya kamata kwantiragi ya fayyace sunan wanda ke kan takardar haya, da abin da za a cire daga albashi, da wanda zai biya wuta da ruwa, da yawan kwanakin da malami zai ci gaba da zama idan aka sallame shi ko ya ajiye aiki. Riƙe fasfon ma'aikaci yana cikin alamomin aikin tilas da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa, kuma yarjejeniyarta mai lamba 181 ta shekarar 1997 ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin, ko da yake tana ɗaure ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kawai.

Idan aikin ya ƙare kafin wa'adin biza, dokokin sun sha bamban. A Koriya ta Kudu bizar tana ɗaure da makarantar da ta nema, kuma komawa wata kafin kwantiragi ya cika galibi sai da wasiƙar sallama daga ta farko. A Japan izinin zaman na mutum ne, yana iya sauya wurin aiki a cikin fanni ɗaya, da sharaɗin ya sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14, kuma idan ya yi wata uku ba ya aikin da aka ba shi izini a kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, hukuma tana da ikon soke izinin.