Hanzarta ma'ajiyar kwamfuta da katin hoto

Hanzarta ma'ajiya da katin hoto suna ne da ya tattara wasu dabaru na gaggauta tafiyar bayanai daga ma'ajiyar kwamfuta zuwa masarrafin hoto, wanda aka fi sani da GPU, ko kuma ɗora wa wannan masarrafi ayyukan da babban masarrafi, wato CPU, ya saba yi wa ma'ajiyar. Fitattu a cikinsu su ne DirectStorage na Microsoft, da RTX IO da GPUDirect Storage na Nvidia. A cibiyoyin bayanai kayan aiki ne da ake lissafa ribarsa. A gidaje kuwa, inda galibin masu saye 'yan wasan kwamfuta ne, ana sanya shi cikin kashe kuɗin da ba na dole ba.

Matsalar da ta haife ta

Shekara da shekaru ma'ajiya ce gurguwar ƙafar kwamfuta. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yakan ba da megabait 100 zuwa 200 a sakan ɗaya, kuma kafin ya fara karatu sai allurarsa ta lalubo inda bayanin yake. Ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da faifai ko allura, ta kawar da lalube, amma igiyar SATA da ke haɗa ta da kwamfuta ta taƙaita ta a wajen megabait 550. Da aka fitar da ƙa'idar NVMe a 2011, ma'ajiya ta koma magana kai tsaye ta layukan PCIe, manyan hanyoyin da bayanai ke bi a cikin kwamfuta, saurin ya kai kusan gigabait 3.5 a ƙarni na uku na layukan, 7 a na huɗu, 14 a na biyar.

Nan ne cikas ya sauya wuri. A tsohon tsari, bayani yakan tashi daga ma'ajiya ya sauka a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta RAM, babban masarrafi ya warware shi tunda a matse aka ajiye shi, sannan a sake kwafe shi zuwa ƙwaƙwalwar katin hoto. Lokacin da faifai ke tafiyar hawainiya, babu wanda ya damu da wannan zagaye. Da ma'ajiya ta fara kwararo gigabait bakwai a sakan, sai ya zama warwarewar kaɗai tana iya cinye ƙarfin masarrafin gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, tsofaffin hanyoyin karanta fayil na Windows an gina su ne don buƙatu ɗaruruwa a sakan, ba dubun dubatar ƙananan buƙatun da wasan zamani ke aikawa ba.

Tarihi

Ana yawan kawo Radeon Pro SSG na kamfanin AMD a matsayin yunƙurin farko da ya shiga kasuwa. An nuna shi a taron SIGGRAPH na 2016: katin hoto ne da aka dasa wa ma'ajiyar SSD ta terabait ɗaya a jikinsa, don masu tace bidiyo mai girman 8K su riƙa jan bayani ba tare da ya bi ta sauran kwamfutar ba. Samfurin masu gwaji ya tashi a dala 9,999. Wanda ya biyo shi a 2017, mai terabait biyu, an sa masa kusan dala 7,000. Manhajojin da suka san yadda za su yi amfani da ma'ajiyar ba su da yawa, kuma kamfanin bai ci gaba da wannan layi ba.

Nvidia ta bi wata hanya, ta bar ma'ajiya inda take ta gyara mata hanya. Tun wajen 2012 ko 2013 take da dabarar da ke ba katin sadarwa damar zuba bayani kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar GPU. A 2019 ta sanar da irin wannan ga ma'ajiya, da sunan GPUDirect Storage, cikakken sigarsa kuma ya fito a tsakiyar 2021. Manhaja takan nemi fayil ta wata kafar manhaja mai suna cuFile, bayanin ya wuce daga NVMe zuwa katin ba tare da ya ya da zango a RAM ba. An yi shi ne don Linux da manyan na'urorin horar da ƙirƙirarriyar basira da binciken kimiyya.

Abin da ya kawo maganar bakin jama'a shi ne na'urorin wasa na 2020. A watan Maris na shekarar, Mark Cerny, jagoran zanen PlayStation 5, ya yi wani dogon bayani inda ya ba ma'ajiya kaso mafi tsoka. Ya bayyana yadda faifai mai juyawa ya tilasta wa masu ƙirƙirar wasa wasu dabaru: a sa ɗan wasa cikin lif ko wani lungu mai lanƙwasa don a sami lokacin loda abin da ke gaba, ko a kwafi abu ɗaya, kamar akwatin wasiƙa na bakin titi, sau ɗaruruwa a kan faifan don kada allura ta yi ta kai da kawo. Ma'ajiyar PlayStation 5 tana karanta gigabait 5.5 a sakan, wanda yakan zama 8 zuwa 9 idan bayanin a matse yake, kuma an gina mata wani ɓangare na musamman mai warware matsin Kraken na kamfanin RAD Game Tools. Cerny ya kwatanta aikin ɓangaren da na ƙwayoyin masarrafin Zen 2 guda tara. Xbox Series X ta zo da nata tsarin, Velocity Architecture, mai gigabait 2.4 ko 4.8 a matse, kuma a cikinsa ne sunan DirectStorage ya fara bayyana.

Kwamfutar tebur ba ta da irin wannan ɓangare na musamman, amma tana da katin hoto mai dubban ƙananan ƙwayoyi. A Satumbar 2020 Nvidia ta sanar da RTX IO tare da katunan RTX 30, Microsoft kuma ta ce DirectStorage zai zo Windows. Alkawarin ya daɗe bai cika ba. Siga ta farko ta fito a Maris 2022, ba tare da warwarewa a GPU ba. Sai a Nuwamba, da siga ta 1.1, aka samu wannan. A gwajin da Microsoft ta nuna, bayanai kimanin gigabait 5.6 sun lodu cikin sakan 0.8 maimakon 2.36. Forspoken, a Janairun 2023, shi ne wasan kwamfuta na farko da ya fito da DirectStorage, sannan Ratchet & Clank: Rift Apart ya zo a Yulin shekarar da warwarewa a katin hoto.

Yadda warwarewar take

Tsarin matsin da ake amfani da shi, GDeflate, Nvidia ce ta ƙirƙira ta kuma buɗe shi ga AMD da Intel. Ya samo asali daga DEFLATE na Phil Katz, wanda ke cikin fayilolin zip. Aibin tsohon a wajen GPU shi ne ana karanta shi a jere, ba a sanin inda alama ta biyu ta fara sai an gama da ta farko. GDeflate yana yanka bayani gutsure-gutsure na kilobait 64, ya raba kowane gutsure zuwa zare 32 da za a warware lokaci guda.

Akwai wani ruɗani da sunan DirectStorage ke jawowa. A Windows, bayanin DirectStorage har yanzu yana bi ta RAM. Abin da ya sauya shi ne yana wucewa a matse, kuma ana aika buƙatu a dunƙule. GPUDirect Storage ne ke tsallake zangon.

Wasu hanyoyi

Kamfanin Graid yana sayar da katin Nvidia da aka mayar mai lissafin RAID, tsarin rarraba bayani a ma'ajiyoyi da yawa yadda ba zai salwanta ba idan ɗaya ta lalace, don kare bayanai a kan tarin NVMe ba tare da an gajiyar da babban masarrafi ba. Wasu masu sha'awa kuma sukan mayar da ƙwaƙwalwar katin hoto faifan wucin gadi, wanda duk abin da ke ciki ke ɓacewa da an ɗauke wuta. Katin Asus na RTX 4060 Ti mai gurbin M.2, inda ake soke ma'ajiyar NVMe, ba ya cikin wannan sahu: aron layukan PCIe da suka rage kawai yake ba ma'ajiyar.

Amfani a yau

Cibiyoyin bayanai sun karɓi wannan dabara. Wasannin kwamfuta da ke warwarewa a GPU kaɗan ne.

Fuskar tattalin arziki

Masana tattalin arziki suna raba kashe kuɗin gida biyu: na dole, kamar abinci da haya da magani, da wanda ake yi da abin da ya saura. Ernst Engel, masanin ƙididdiga a Saksoni ta Jamus, ya nuna a 1857, bisa lissafin gidajen ma'aikata a Beljiyam, cewa yayin da samu ke ƙaruwa, kason da abinci ke ci yana raguwa ko da kuɗin abincin kansa ya ƙaru. Ragowar nan ita ce kasuwar kayan marmari. A Amurka abinci yana cin kusan kashi 13 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa. A Nijeriya binciken hukumar ƙididdiga na 2019 ya same shi sama da rabi. Wannan ya isa ya nuna inda masu sayar da katunan hoto ke sa ido. Kayan da buƙatarsu ke haurawa fiye da yadda samu ke haurawa su ake kira na alatu, kuma su ne na farko da ake jinginewa idan aljihu ya yi zafi.

Farashin katunan ƙoli ya bi wannan hanya. An fitar da RTX 3090 a dala 1,499 a 2020, RTX 4090 a 1,599 a 2022, RTX 5090 a 1,999 a 2025, alhali PlayStation 5 mai gurbin faifan wasa ta fito a 499 da na'urar warwarewarta a ciki. A 2021, ƙarancin kayan haɗi da masu haƙar Ethereum, wani kuɗin kirifto da ake samarwa da katunan hoto, sun sa ana sayar da katuna ninkin farashinsu, har sai da kasuwar kirifto ta faɗi, Ethereum kuma ta bar haƙa a Satumbar 2022.

Ƙa'idar raguwar amfani tana fitowa fili a nan. Wanda ya tashi daga faifai mai juyawa zuwa SSD yakan ga jiran minti ya koma 'yan sakanni. Daga SATA zuwa NVMe bambancin yakan tsaya a sakan ɗaya ko biyu a yawancin wasanni, daga ƙarni na huɗu zuwa na biyar kuwa da wuya ido ya kama shi. Ga cibiyar da katunanta masu tsada ke zaman jiran bayani, kowane sakan kuɗi ne da ake iya rubutawa a littafi. Mai wasa a ɗakinsa ba ya da irin wannan lissafi. Abin da yake saye jin daɗi ne, wani lokaci kuma abin da Thorstein Veblen ya bayyana a 1899, kashewa don a gani, wanda a nan yakan ɗauki siffar hoton sakamakon gwajin sauri da ake ɗorawa a intanet.

Saɓani

Wasu gwaje-gwaje sun nuna warwarewa a GPU tana ɗan rage yawan hotunan da wasa ke nunawa a sakan, domin katin yana raba ƙarfinsa gida biyu. Masu goyon baya suna cewa laifin yadda aka haɗa dabarar da wasan ne, kuma ribar tana ga masu raunin CPU. Masu suka suna cewa katin hoto ne ya fi kowa aiki a lokacin wasa, bai kamata a ƙara masa kaya ba.