Mawaƙin Gambarar Zamani Mai Cin Gashin Kansa a Karkarar Kano da Jigawa

Mawaƙin gambarar zamani mai cin gashin kansa shi ne wanda ke rubuta waƙar hip hop, ya biya kuɗin ɗaukarta, ya kuma yaɗa ta da kansa, ba tare da wani kamfanin waƙa ya ɗauki nauyinsa ba. A Amurka ko Legas, sunan yana bambanta shi ne da wanda ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani. A ƙauyukan Kano da Jigawa kuwa kusan kowa haka yake, domin babu kamfanin da zai zo nemansa. Duk ɗawainiya tasa ce. A ƙa'ida haƙƙin mallakar waƙar ma nasa ne gaba ɗaya, sai dai wannan haƙƙin ne ya fi saurin suɓuce masa.

Asali da suna

Hip hop ya faro ne a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ana yawan ƙirga tarihinsa daga wani shagali da DJ Kool Herc ya shirya ranar 11 ga Agusta, 1973. Ya iso ƙasar Hausa ta kaset da tashoshin tauraron ɗan'adam, kuma zuwa farkon shekarun 2000 samari a Kano da Kaduna da Jos sun riga sun fara yin sa da Hausa. Sunan gambarar zamani daga 'yan gambara aka aro shi, masu bin kasuwanni suna zuba magana da sauri bisa kiɗa, da zambo da habaici, wani lokaci har da batsa. Sunan ya taimaka wajen nuna cewa salon ba baƙo ba ne ƙwarai, amma ya jawo masa kallon da ake yi wa maroƙa.

An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, har da ta mawaƙin hip hop Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Bayan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shiryenta na waƙa sun kai fuskokin mawaƙan birni har gidajen kallo na ƙauye.

Yadda ake farawa

Galibi tun yana sakandare yaro ke farawa, da haddace baitocin wasu daga wayar yayansa, sannan ya koma cusa nasa kalmomin a kan kiɗan. Makarantarsa ita ce shagon caji da majalisar dare, inda ake gasar zuba baiti nan take. A gida kuwa ɓoyewa yake yi. Shi ya sa laƙabin waƙa ke da amfani biyu: ado ne, kuma mafaka ce daga kunnen mahaifi.

Noma ne ke tsara masa shekara. Da damina yana gona, rubutu kawai yake iyawa. Da kaka, in an sayar da riɗi ko gyaɗa ko shinkafa, kuɗin situdiyo ke samuwa, don haka yawancin ɗauka tsakanin Nuwamba da Fabrairu take faɗowa. Masu noman rani a Kadawa da Kura ko fadamar Haɗeja suna da kaka ta biyu. Wanda ba shi da fadama sai ya tafi cin-rani birni, ya yi acaba ko lebura, ya yi waƙarsa a can. Da azumi ana jingine komai, a tanadi sabuwar waƙa don Sallah.

Rubutu da ɗauka

Ma'aunin aikin shi ne layi mai bugu huɗu, wanda mawaƙan ke kira "ba". Baiti cikakke layi 16 ne, amshi kuma 8. A kiɗa mai bugu 90 a minti, baiti ɗaya yana cin kusan daƙiƙa 43, don haka baiti biyu da amshi uku sun kai minti biyu da rabi kafin a sa buɗewa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya rubuta a takarda ba tare da kiɗa ba. In ya zo gaban makirfo sai wani layin ya zarce, wani ya gaza, numfashi ya yanke masa a tsakiya.

Hausa tana da nata tarkon. Tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, karin sauti kuma ya raba kukan jariri da kukar miya. Mawaƙin da ya matse dogon wasali don ya cika bugu yakan wayi gari ya faɗi abin da bai nufa ba. Amsa-amo kuwa arha ne, tunda kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, shi ya sa masu kunne ba sa yaba wanda ya jera "-wa" sau goma sha shida. Gwanin shi ne mai dacen gaɓa biyu ko uku da amsa-amon ciki, wanda ya iya gugar zana ba tare da ya kama suna ba.

Situdiyon garin ƙaramar hukuma yawanci ɗaki ɗaya ne a jerin shaguna: kwamfutar cinya mai manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, ƙaramin akwatin sauti, makirfo mai buƙatar wutar bolt 48, da katifa biyu jingine a kusurwa inda mawaƙi zai tsaya. Ana kashe fanka lokacin ɗauka, saboda haka a watan Afrilu mutum yakan fito sharkaf bayan baiti guda. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na siminti da kwano kyau, domin laka tana shanye amo, kwano kuwa yana mayar da shi, kuma yayyafi kaɗan ya isa ya tsayar da aiki. Janareta shi ne babban abokin gaba. In yana kusa, ƙararsa ta shiga makirfo. In waya ba ta da kyau, wani gurnani ya bi ta cikin na'ura. Masu dabara suna cajin batir da rana ko su sa sola, su ɗauki murya bayan isha'i, lokacin da injin niƙa da babura suka yi shiru.

Tsakanin baki da makirfo a bar kamar ɗani guda, santimita 15 zuwa 20, a sa matatar iska a tsakani don kada "f" da "b" su buga. Zoben waya da aka ɗaura wa safa yana yin aikin. Ƙarfin murya ya tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin desibel. Da zarar ya taɓa sifiri murya ta fashe, kuma da wuya furodusa ya iya ɗinke ta. Masu ƙaramin ƙarfi suna ɗauka da waya ta manhajar BandLab, su lulluɓa da bargo.

Inda mallaka ke zubewa

Wuri na farko shi ne kiɗa. Yawancin kiɗan da ake saukewa kyauta daga YouTube an ba da shi ne bisa sharaɗin ba za a ci riba da shi ba. Waƙar tana fara tashe sai na'urar gano mallaka ta YouTube ta kama kiɗan, kuɗin talla ya tafi ga mai shi a wata ƙasa. Ko furodusan gida ne ya buga, in ba a rubuta komai ba yana iya sayar wa wani kiɗan nan gobe. Takarda ɗaya mai ɗauke da sunan waƙa, kuɗin da aka biya, wanda ya mallaki kiɗa da sa hannun shaidu biyu ta isa ta kashe rigimar. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aiki tun daga ranar da aka ɗauke shi, amma hujja ake nema ranar gardama.

Na biyu shi ne fayil. Mawaƙi yakan karɓi MP3 kawai, mai nauyin kusan megabait ɗaya a minti, ya bar WAV, wato fayil mai cikakken inganci mai kusan megabait goma a minti, da muryoyin da aka ware a kwamfutar situdiyo. Ranar da kwamfutar ta lalace ko aka goge ta, asalin aikin ya tafi. Kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore kuwa fayil mai inganci suke so, kuma da dala ake biyansu duk shekara.

Na uku shi ne masu tura waƙa. Ranar kasuwa, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil ko Lahadi a Dambatta, za a ga mai kwamfuta ƙarƙashin lema da lasifika tana tashi, makiyaya da 'yan acaba sun miƙa memori ana cika musu. Daga nan waƙa ta bi manhajar Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya har rugage, ba tare da data ba. Mai turawa ya karɓi kuɗinsa, mawaƙi bai ga ko kwabo ba, sau da yawa ma shi ke roƙon a sa tasa a cikin jerin. A hanya sunan fayil yakan canza, don haka mai wayo yana ambaton laƙabinsa da garinsa a daƙiƙun farko na waƙar.

Kuɗin shiga da makoma

Intanet suna take kawowa fiye da kuɗi. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ya fara raba kuɗin talla. Spotify, dandalin sauraron waƙa da ya shigo Nijeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba. Audiomack da TikTok ne suka fi kai waƙar ƙauye birni. Abin da ke shiga aljihu da gaske shi ne liƙi a biki, wasan Sallah, tallan shago ko na maganin gargajiya, da waƙar siyasa a shekarar zaɓe. Ta siyasar ta fi tsoka, amma takan rufe wa mawaƙi ƙofar rabin garinsu, kuma cikon kuɗin ba kasafai yake fitowa ba in ɗan takara ya faɗi.

Wasa a ƙauye yana buƙatar yardar mai unguwa ko dagaci da sanin 'yan sanda, kuma Hisba na iya tsayar da taron da maza da mata suka cakuɗa. A Kano hukumar tacewa tana neman mawaƙa su yi rajista.

Lokacin aure ne sana'ar ke fuskantar babban gwaji, domin iyayen yarinya sana'a suke tambaya, kuma "mawaƙi" ba amsa ba ce mai gamsarwa. Kaɗan ke komawa Kano su nemi gindin zama a situdiyoyin Zoo Road. Wasu su juya zuwa nanaye ko bege, inda kasuwa ta fi faɗi. Da yawa sukan sayi kwamfuta ta hannu su zama furodusoshi, su riƙa ɗaukar ƙannensu a ɗakin da su ma suka fara.